Jar suwaitar da ba tata ba: yadda ake feɗe labarin kunyar ƙuruciya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a kwalejin ilimi, ina haɗa Turanci da Hausa. An ba mu aikin gida a kan gajeren labarin Sandra Cisneros mai suna "Eleven", aka ce mu fito da jigo da zubi da salo da taurari, mu kuma nuna yadda ya zama labarin girma. Na cika shafi uku, na jero duk adon harshen da na gani, amma aka dawo mini da takardata an rubuta cewa ƙidaya na yi, ban yi nazari ba. Ni kuwa ban ga abin da ya faru a labarin ba, ban da an sa yarinya ta saka rigar sanyi ta yi kuka. Ba ta koyi darasi ba, ba a hukunta malamar ba. To ina girman yake?

Amsa: 'Yata, wanda ya duba takardarki bai zalunce ki ba, ko da yake da ya ƙara miki layi biyu na bayani da ya kyauta. Mahauci idan ya feɗe akuya yana iya jera miki hanta da huhu da tumbi a kan tire, kowanne da sunansa, amma jerin bai faɗa miki yadda akuyar take numfashi ba. Haka takardarki take. Nazari yana farawa ne a lokacin da kika ɗauki kamantawa guda ɗaya kika tsare ta da tambaya: me ya kawo ki nan, me ya sa aka saka ki a bakin wannan yarinya a daidai wannan minti? Ita kuma tambayarki ta ƙarshe, wadda na ji alamar cikin gajiya kika yi ta, ki riƙe ta da kyau, domin ta fi duk shafukan nan uku kusa da cibiyar labarin.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, ga abin da ke ciki. Labarin ya fito a 1991 cikin tarin da ake kira Woman Hollering Creek and Other Stories, a kashin farko inda yara ne ke magana. An haifi marubuciyar a Shikago ta Amurka a 1954, mahaifinta mutumin Meziko ne, ita kaɗai ce mace cikin 'ya'ya bakwai, kuma gidansu ya sha kai-kawo tsakanin Shikago da birnin Meziko, don haka ta san zafin zama baƙuwa a sabon aji. Marubuciyar waƙa ce, ta kuma taɓa koyar da matasan da suka bar makaranta. Kunnen mai waƙa da idon wadda ta tsaya a gaban allo duk suna cikin labarin.

Rachel ta cika shekara 11 yau. A aji, Malama Price ta ɗaga wata tsohuwar jar suwaita da ta yi wata guda a ɗakin rataye riguna, tana tambayar ta wace ce. Kowa ya ce ba tasa ba ce. Sai wata yarinya, Sylvia Saldívar, ta ce tana jin ta Rachel ce. Malama ta ɗora mata a kan tebur. Rachel ta buɗe baki za ta musa, maganar ta kakkarye. Malama ta ce ai ta tuna ta taɓa ganinta da ita, ta juya shafi na 32, lissafi na 4. Rachel ta yi ta ture rigar da rula har ta kai ta gefen tebur tana reto. Da darasin lissafi ya ƙare, malama ta daka mata tsawa a gaban kowa ta ce ta saka ta yanzu-yanzu. Ta saka, ta fashe da kuka. Ana dab da kaɗa ƙararrawar cin abinci sai Phyllis Lopez ta tuna cewa ashe tata ce. Rachel ta cire ta miƙa mata, malama kuma ta yi kamar ba a yi komai ba.

Na san abin da ya sa kika ce ba abin da ya faru. Mu da muka tashi da tatsuniya mun saba labari ya rufe da sakamako: 'yar bora ta dawo gida da arziki, 'yar mowa ta kwashi kunyarta. A ajin Hausa kuma an koya mana mu nemi jigo a cikin wasu 'yan akwatuna, gargaɗi ko faɗakarwa ko wa'azi ko nishaɗi. Shi ya sa ɗalibai da dama ke rubuta cewa jigon wannan labari gargaɗi ne ga malamai su daina zaluntar yara. Wannan darasi ne da mai karatu zai iya ɗauka ya tafi da shi gida, ba laifi, amma ba shi labarin ke sassaƙawa ba. Da shi ne nufin, da mun ga malamar ta yi nadama ko an kira ta ofis.

Kafin jigon, sai kin warware wata matsala ta harshenmu. Kalmar kunya a Hausa kaya biyu take ɗauke da su. Akwai kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana suruki cin abinci a gaban surukinsa. Wannan ado ce. Anthony Kirk-Greene, wani masani ɗan Birtaniya, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe da aka buga a 1974, ya lissafa ta cikin halayen da ake yabo tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi. Akwai kuma kunyar da ake jefa mutum a ciki, wadda muke kira muzanci ko dizgi ko cin fuska, irin wadda mutum ke cewa da ma ƙasa ta tsage ya shige. Idan kika rubuta cewa Rachel yarinya ce mai kunya kika tsaya nan, Bahaushe zai ɗauka yabonta kike yi. Abin lura shi ne duka biyun suna cikin labarin, kuma ta farkon ce ta miƙa ta ga ta biyun. Yarinyar da aka hora da cewa ba a ja-in-ja da babba ita ce ba ta iya ɗaga murya ta ce malama ta yi kuskure ba. Rachel da kanta ta faɗi dokar: tunda malama ta girme ta kuma ita ce malama, to malama ce mai gaskiya. A nan ke kin fi ɗalibin Amurka saurin ganewa, domin an hore ki tun kina ƙarama cewa ba a ƙaryata babba ko da kin ga abin da idonki.

To ga jigon yadda ni nake ganinsa: akwai rata tsakanin abin da yaro ya sani da abin da bakinsa ke iya fitarwa a gaban mai iko, kuma Rachel ta faɗa cikin wannan rata a ranar da take zaton ta girma. Komai na labarin, daga zubinsa har jar rigar, wannan ratar yake aunawa. Idan kika riƙe wannan, kowane abu da kika ƙidaya zai samu wurin zama.

Duba zubin. Labarin bai fara da aji ba. Ya fara da Rachel tana koya mana wani abu da ta ce manya ba sa faɗa wa yara: idan ka cika 11, to har yanzu kai ɗan 10 ne, ɗan 9 ne, har zuwa 1, duk suna nan a ƙarƙashi. Ranar da ka yi wauta, ɗan 10 ɗin ne ya fito. Ranar da tsoro ya sa ka nemi cinyar uwarka, ɗan 5 ne. Har ma ta ce idan mahaifiyarta ta shiga damuwa tana son yin kuka, ita ce ke gaya mata wataƙila yau 'yar shekara 3 ce. Yarinyar da ke lallashin uwarta da irin wannan hikima ba wawiya ba ce. Marubuciyar ta ɗora ta a sama da gangan, ta bar mu mu yaba kaifin hankalinta, sannan ta kai ta aji inda duk wannan hankali bai iya haɗa jimla ɗaya cikakkiya ba. Ra'ayi ya zo a gaba, gwajinsa ya biyo baya, kuma an yi gwajin a jikin mai ra'ayin. Da an fara da suwaita aka ƙare da bayanin shekaru, da labarin ya koma wa'azi.

Ana yawan koya wa ɗalibai dalar nan ta Gustav Freytag, Bajamushen da a 1863 ya tsara yadda rikici ke hawa ya kai ƙololuwa ya sauko. Don wasan kwaikwayo mai kashi biyar ya yi ta, ba don labari mai 'yan shafuka ba, amma tana da amfani a nan ta wata fuska: tana sa ki yi kuskuren da zai buɗe miki ido. Kusan kowa zai ce ƙololuwar ita ce inda Rachel ta saka rigar ta fashe da kuka. Amma ita Rachel ta ce mafi munin abin shi ne lokacin da Phyllis ta ce rigar tata ce. Me ya sa? Ai a nan ne gaskiya ta yi halinta, ya kamata a ce daɗi ta ji.

Tsaya a nan ki daɗe, domin a nan nazarinki zai yi nauyi. Gaskiyar ta zo bayan an gama ganin hawayenta da yawun bakinta, kuma ba ta mayar da komai ba. Malama ba ta ce yi haƙuri ba, aji bai juya ya dubi Sylvia ba. Yaro yana rayuwa ne da zaton cewa ranar da gaskiya ta bayyana za a gyara komai. Rachel ta ga ta bayyana, aka kaɗa ƙararrawa, aka tafi cin abinci. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ciwo. Tun da farko Rachel ta faɗa mana cewa rigar ta yi muni har da a ce tata ce ma ba za ta amsa ba. Ga Phyllis kuwa, wadda Rachel ke ganin ta fi Sylvia ma wauta, ta karɓi kayanta ba tare da wani tashin hankali ba. Rigar da ta zame wa Rachel dutse, a hannun Phyllis tsohuwar suwaita ce kawai. Wannan ya nuna miki cewa zafin daga idanun da Rachel ke jin suna kallonta yake fitowa. Ta kai shekarun da mutum ke fara ganin kansa da idon wasu, kuma wannan shi ne farkon amsar tambayarki.

Sai murya, wadda a ganina ita ce rabin labarin. A sakin layin farko Rachel tana cewa kai, kai, kai: ka farka, ka buɗe ido, ka ji kamar jiya. Tana jawo mai karatu cikin riga ɗaya da ita kafin a kawo jar rigar. Da aka zo kan abin da ya faru yau sai ta koma ni, ta rage ita kaɗai. An kuma rubuta labarin cikin lokaci mai ci, wato abin yana faruwa yanzu a gabanki. Gwada fassara sakin layi ɗaya zuwa Hausa ki ga abin da zai same ki. Harshenki zai ja ki zuwa "sai malama ta ɗaga rigar, sai Sylvia ta ce", domin haka Bahaushe ke jera labari. Da zarar kuwa kin ce "sai ta", abin ya riga ya wuce, mai ba da labarin ya tsira, yana zaune a inuwa yana tunawa. Cisneros ta hana Rachel wannan inuwar.

Za ki fi ganin nauyin zaɓin idan kika ajiye shi kusa da "Araby" na James Joyce, marubucin ƙasar Ireland, cikin tarin labaransa Dubliners na 1914. Can ma yaro ne a birnin Dublin, ya yi wa 'yar'uwar abokinsa alkawarin tsaraba daga wata kasuwar baje koli, kawunsa bai dawo ya ba shi kuɗin ba sai da dare ya yi, ya isa ana rufe rumfuna, bai sayi komai ba, aka kashe fitilu, ya tsaya cikin duhu yana ganin wautar kansa. Amma mai ba da wancan labarin babban mutum ne da ke waiwaye, yana da manyan kalmomin da zai raɗa wa abin da ya ji suna. Rachel ba ta da wannan gata. Babu wata babbar Rachel da za ta dafa kafaɗarta ta ce wata rana za ki yi dariyar wannan. Don haka kada ki jira ta furta darasi. Ba ta fita daga cikin abin ba tukuna.

Yanzu koma kan jerin kamantawarki. Abu na farko da za ki lura shi ne duk daga cikin duniyar yarinya suka fito: albasa, zoben da ke cikin kututturen itace, 'yan tsanar katako da ake saka ƙarama cikin babba, kwabbai a gwangwanin filasta, igiyar tsalle, shaƙuwa, ciwon kan da ke kama mai shan madara da sauri, balan-balan. Marubuciyar da ta yi digiri na biyu a fannin rubutu a jami'ar Iowa ta Amurka ta san manyan kalmomi, amma ta hana kanta, domin ko ɗaya ta saka, muryar ta fashe.

Abu na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne ke raba ƙidaya da nazari: kamantawar ba daidai suke ba, suna sauyawa yadda halin yarinyar ke sauyawa. Albasa da itace da 'yan tsana duk abubuwa ne masu tsari, kowace shekara ta lulluɓe wadda ke ƙarƙashinta, shiru, lafiya lau. Wannan hoton shekaru ne a lokacin da Rachel ke cikin natsuwa tana koyar da mu. Da ta zo kan yau sai hoton ya koma kwabbai goma sha ɗaya suna ƙara a cikin gwangwani. Babu tsari, babu lulluɓi, sai kwaramniya. Kwabo shi ne mafi ƙanƙantar kuɗi, goma sha ɗaya ba za su sayi abin kirki ba, kamar yadda shekarunta ba su saya mata saurare ba. Gwangwanin kuma na filasta ne, abin rufe ciwo, amma filastar ta ƙare. Kin ga yadda kamantawa ɗaya ta ba ki sakin layi guda?

'Yan tsanar ma kada ki wuce su da sauri. Abin da ya raba su da albasa shi ne ana iya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma haka aka yi wa Rachel a ajin. Da ta yi yunƙurin musu, muryar da ta fito ta ce kamar ta lokacin da take shekara 4 ce. Da aka matsa mata ta saka rigar, sai ta yi kuka irin na 'yar shekara 3, har da ƙananan sautuka kamar na dabba. Labarin ranar ƙarin shekara ne, amma ƙidayar da ke cikinsa baya take yi, daga 11 zuwa ƙasa, kuma an maimaita ta fiye da sau ɗaya.

Kambamawar ta yara ce: rigar ta yi shekara dubu, tana zaune a tebur kamar babban jan tsauni, tana zuba daga gefen tebur kamar ruwan da ke gangarowa daga tsauni. Ki lura rigar ƙara girma take yi a idonta duk lokacin da ta ƙara matsawa nesa da ita. Sai fatan da ta yi na a ce shekarunta 102. Ba 100 ta ce ba, wanda lissafin manya ne. 102 adadi ne irin wanda yaro ke ƙirƙira idan yana son ya wuce iyaka da ɗan ƙari. Kuma ba don ta rama take son su ba. Cewa ta yi da tana da su, da ta san abin da za ta faɗa. Ga ratar nan ta sake fitowa.

Maimaitawa iri biyu ce a ciki. Akwai "ba tawa ba ce" da take nanatawa sau uku a jere. Ki bi sawunta: sau ɗaya kacal ta iya fitar da ita fili, a kakkarye, sauran duk a cikin kanta take faɗa. Ƙarfin maganar yana ƙaruwa a ciki daidai lokacin da ya mutu a waje. Akwai kuma zancen kek ɗin da Mama ke yi da waƙar da za a rera idan Baba ya dawo daga aiki. Da farko tana jawo shi ne don ta danne kukan, kamar yaron da ke rarrashin kansa. A ƙarshe ta sake kawo shi kusan da kalmomi iri ɗaya, sai dai ta ƙara cewa an riga an makara. Kalmomin ba su sauya ba, yarinyar da ke faɗarsu ce ta sauya a cikin sa'a ɗaya.

Game da ita suwaitar a matsayin alamtarwa, ina roƙonki kada ki buɗe wani littafin ma'anar launuka ki kwafo cewa ja na nufin haɗari ko jini ko soyayya. Tambayi labarin. Ja launi ne da ba ya ɓuya, yarinyar kuma ba abin da take so kamar ta ɓace. Rigar tsohuwa ce, maɓallanta na roba, wuyanta da hannayenta sun saki, tana warin wani irin cuku, tana ƙaiƙayi, cike da ƙwayoyin cutar da Rachel ta ce ba ma nata ba ne. Suna ne aka laƙaba mata, aka kuma tilasta ta zura hannu a ciki. Idan bikin ranar haihuwa bai yi miki nauyi a zuciya ba, sauya shi da safiyar Sallah: kin yi kitso, an ɗinka miki sabon kaya, sai wata babba ta ciro tsohon gwanjo mai wari ta rantse naki ne, ta sa ki saka a gaban sa'o'inki. Abin da ake cewa ke ce ya fi warin ciwo.

Wasu masu nazari suna ƙara gaba su ce akwai zancen talauci da launin fata, tunda Saldívar da Lopez sunayen masu jin Sifaniyanci ne, Price kuwa sunan Turawa ne, kalmar kuma a Turanci tana nufin farashi, kuma malamar ta yi saurin yarda cewa tsumma ya dace da wannan siririyar yarinya. Karatu ne mai tushe, kina iya kawo shi. Amma ki faɗe shi a matsayin abin da kika hango, domin labarin bai taɓa cewa gidan su Rachel matalauta ne ba, bai kuma faɗi launin kowa ba.

Taurari ba su da yawa, kuma a nan ma ɗalibai kan yi sauri. Malama Price ba dodo ba ce. Mace ce da ke son ta rabu da rigar da ta yi wata guda tana tare mata wuri, ta samu amsa, ta wuce shafi na 32. Na taɓa karanta labarin tare da wasu malaman firamare da suka dawo ƙaro ilimi, da dama daga cikinsu suka tsaya mata, suna cewa mai aji cike da yara ba shi da lokacin zaman shari'a a kan rigar sanyi. Ban ƙaryata su ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro a labarin: ranar da ta ɓaci wa Rachel ɗungurungum, a wurin malama minti biyar ne da ba za ta tuna da su gobe ba. Ki kuma tuna ba mu taɓa ganin malamar da idonmu ba, sai da idon yarinyar da ke jin haushinta. Ita ma Rachel ba waliyyiya ba ce. Tana zagin Sylvia da Phyllis a ranta, tana raina rigar da wata ke sakawa. Wannan ɗan rainin ne ya sa ta zama mutum maimakon hoton abin tausayi. Akwai kuma tauraron da ba ya cikin jerin sunaye, wato ajin kansa. Bayan sun ce ba tasu ba ce, ba su ƙara cewa uffan ba, amma ba don idanunsu ba da babu labarin. A ɗaki ita kaɗai, Rachel za ta saka rigar ta cire ba hawaye.

To ina girman? Jamusawa ne suka raɗa wa irin wannan adabi suna, Bildungsroman, kuma asalinsa dogon labari ne da ke bin mutum shekara da shekaru, kamar Wilhelm Meister na Goethe, marubucin Jamus, da ya fito a 1795 zuwa 1796. Gajeren labari ba shi da wannan fili, sai ya zaɓi sa'a ɗaya da wani abu ya tsage. Wani manazarci, Mordecai Marcus, a wata maƙala ta 1960, ya kasa irin waɗannan labarai gida uku: wanda ke kai yaro bakin ƙofar girma ya tsaya, wanda ke tsallakar da shi amma ya bar shi cikin ruɗani, da wanda ke shigar da shi ya zauna daram. Ke kina neman na uku ne, shi ya sa kika ga kamar ba komai. Labarin Rachel yana tsakanin na farko da na biyu, kuma kina da damar zaɓar ɗaya ki kare shi. Ni na fi karkata ga na biyu, domin ta riga ta san abin da ba za ta iya komawa rashin saninsa ba: ana iya zama da gaskiya a rasa bakin faɗa, ana kuma iya wanke ka ba tare da an ba ka haƙuri ba.

Idan kin zo sake rubutawa, rage yawan abubuwan da za ki taɓa. Ɗauki uku ko huɗu, kowanne ki ɗaure shi da ratar nan. Maimakon ki ce marubuciya ta yi amfani da kamantawa inda ta kwatanta ranar da balan-balan, ki rubuta wani abu kamar haka: "A ƙarshe Rachel ba ta nemi a hukunta kowa ba, nesa kawai take nema. Tana so yau ta yi sama kamar balan-balan ɗin da ya kuɓuce, ta ƙanƙance har ta zama kamar ƙaramin harafin o a sararin sama. Balan-balan kayan bikin haihuwa ne, don haka bikin nata ne take saki da hannunta. Ta kuma ce sai an rufe ido ake iya ganinsa, wato ranar za ta bar gaban idonta ta koma cikin kanta, inda sauran shekarun suke."

Ki gwada irin wannan da rular da take ture rigar da ita. Kayan awo ne, a darasin lissafi, a hannun yarinyar da ba ta son ko yatsanta ya taɓa rigar. Wannan na bar miki.